Wanda Ya Yi Tambaya a Shirin Masu Lambu

Rosalind: Alo? Mama, ke ce?

Mama: Ni ce mana. Wa kike tsammani zai kira ki da wayata?

Rosalind: Ina wuni, Mama.

Mama: Lafiya lau. Kin wuni lafiya? Ya Leeds?

Rosalind: Lafiya ƙalau. Ya sanyi? Ya gwiwar?

Mama: Gwiwa tana nan inda na bar ta. Ya mijin naki?

Rosalind: Clive? Ga shi can a kicin yana dambe da dankali. Yau shi ke gasa naman Lahadi, ni ido ne nawa.

Mama: Allah ya ba ku haƙuri. Ki ce masa kada ya busar da naman kamar na Kirsimetin bara.

Rosalind: Zan ce kin gaishe shi.

Mama: Ban ce ba, amma ki faɗa. Jikata fa?

Rosalind: Imogen tana jami'a, jarrabawa ta sha mata kai. Ta ce in an yi hutu za ta zo miki da saurayinta.

Mama: Da sauran wa?

Rosalind: Saurayi, Mama. Saurayinta.

Mama: Oho. Layin ne ke ta ƙuwwa. Ta zo da shi mu gani ko yana da hannun wanke kwano.

Rosalind: Na ga a labarai iska ta yi ɓarna a gaɓar tekunku. Lafiya dai ko?

Mama: Ta cire wa Hazel maƙwabciyata rabin shinge. An kuma ɗauke mana wuta tun jiya da yamma.

Rosalind: Tun jiya? Shi ne ba ki faɗa min ba?

Mama: In faɗa miki ki kawo min ita a jaka?

Rosalind: Haba Mama. Tsaya ma tukuna, ƙarfe biyu da minti ashirin. Ba shirin masu lambu ake yi ba yanzu? Tun ina 'yar shekara bakwai doka ce a gidanmu, ko gobara ake yi ba a taɓa waya sai an gama shi.

Mama: Shi ake yi.

Rosalind: To me ya faru?

Mama: Babu komai. Kina da rediyo a kunne?

Rosalind: Yana kan tagar kicin, tashar da kika raine mu da ita. Clive ya ce na gaji ciwon.

Mama: Kin ji sujadar safe?

Rosalind: Ina barci lokacin.

Mama: Daga wani coci a Wales suka kawo ta. Mawaƙan ba laifi, faston ne dai ya cika ja. To ana tsakiyar addu'a, wuri ya yi tsit, sai wani ya yi tari.

Rosalind: Ai coci ba ya rabuwa da mai tari.

Mama: Biyu gajeru, ɗaya dogo, sannan gyaran murya.

Rosalind: Mama.

Mama: Shekara hamsin da ɗaya ina kwana kusa da tarin nan, Rosalind. Ko a kasuwa na ji shi ba sai na waiwaya ba.

Rosalind: Wata bakwai ke nan da rasuwar Baba. Ni ma ran nan na ga wani tsoho mai irin hularsa a tashar jirgi, har na bi shi. Haka abin yake yi wa kowa.

Mama: Na gaya wa kaina haka. Na ce Muriel, tsufa ya zo. Tun asuba nake zaune a falo, ban tashi ba. Na ji ƙararrawar cocin da suke sawa da sassafe, na ji hasashen iska na masu jiragen ruwa. Kin san shi, shekara ashirin da barin kamun kifi amma sai ya ji inda teku ta kwana. Na ji shirin manoma, wani yana kukan tumakinsa. Duk lafiya. Bayan sujada 'yan siyasa suka zo suka yi ta musunsu, na ce da yana nan da ya zage su tas yana aski.

Rosalind: Da kumfa a fuska yana nuna rediyo da reza.

Mama: To. Aka maimaita wasan kwaikwayon ƙauyen nan na mako, na ɗan yi gyangyaɗi a ciki, ban ma san ko matar mai gidan giyar ta dawo ba.

Rosalind: Ta dawo.

Mama: Banza. Sai aka yi shirin baƙon da ke zaɓen waƙoƙinsa, wata likitar dabbobi ce, babu abin da ya faru. Amma da aka shiga kacici-kacicin barkwanci, ya yi dariya.

Rosalind: Mutum ɗari uku ne ke dariya a zauren nan.

Mama: Bayan kowa ya gama? Kin manta? Kunnensa na hagu inji ya kashe shi, sai magana ta zagaya ta shiga ta dama. Kowa ya yi shiru, shi kuma a lokacin zai fashe. Sau uku yau. Har mai gabatarwar ya ɗan dakata masa.

Rosalind: Wataƙila tsohon shiri ne suka maimaita. Ba kun taɓa zuwa kallon ɗaukarsa a Newcastle ba?

Mama: Ba mu je ba. Ya ce ba zai tuƙa mota awa guda don ya ga fuskar mutanen da ya fi so a murya ba. Ni dai ba wannan ya sa na kira ki ba. Ɗazu ya yi tambaya.

Rosalind: Ya yi me? Layin ya yanke.

Mama: Tambaya babanki ya yi. A shirin lambun nan. Matar da ke gabatarwa ta ce ga wani bawan Allah a layin baya, a miƙa masa abin magana. Ya ce, sunana Norman, daga bakin teku can arewa.

Rosalind: Mama, tun farkon shirin ina tsaye a nan. A Devon suka ɗauke shi. Wata ta yi tambaya kan tuffa, yanzu wata ke kukan dodon koɗi ya cinye mata kabeji. Babu wani Norman.

Mama: Dodon koɗin ai shi ake yi a nan ma. Kafin shi ne.

Rosalind: To me ya tambaya?

Mama: Ya ce, ina da wata tsohuwar shukar wardi, shekara hamsin da ɗaya tana hannuna. An shigar da ita ɗaki an rufe ƙofa, tun safe kanta ke sunkuyawa. In fitar da ita ta sha iska, ko in bar ta a nan in zo in ɗauke ta?

Rosalind: Shekara hamsin da ɗaya...

Mama: Kina ji na?

Rosalind: Ina ji. Me masanan suka ce masa?

Mama: Yarinyar cikinsu ta ce ya fitar da ita yanzu-yanzu. Tsohon nan mai muryar Scotland ya ce a'a, tsohuwar saiwa ba ta son ƙaura. Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, abin da nake ta juyawa ke nan tun asuba.

Rosalind: Mama, muryarki ta yi nauyi. Kin taɓa kwalbar nan ta cikin kabad?

Mama: Ji min yarinya. Ko shayi na kasa shanyewa, zuciyata tashi take. Kaina ne dai ke sarawa tun safe, kamar an ɗaure shi da igiya.

Rosalind: Tun safe? In babu wuta ai bututun ɗumama gidan ba ya aiki. Da me kike jin ɗumi?

Mama: Na kunna tsohon murhun gas na falo.

Rosalind: Wanda Baba ya hana?

Mama: Bai hana ba. Cewa ya yi kada a kunna sai ya hau ya cire sheƙar hankaki daga bututun hayaƙi. Duk lokacin kaka yana hawa.

Rosalind: Bana wa ya hau?

Mama: Wa zai hau?

Rosalind: Tagogi a rufe suke?

Mama: A wannan iskar? Har tawul na cusa a ƙasan ƙofa. Ɗakin ya yi daɗi, luf. Kyanwar ce kawai ta ƙi shigowa, tun safe tana rumfar lambu.

Rosalind: Dubi wutar. Wane launi ce?

Mama: Kyakkyawa. Ruwan ɗorawa, tana lilo a hankali.

Rosalind: Ba shuɗiya ba?

Mama: Da can shuɗiya ce. Wannan ta fi kyau.

Rosalind: Na'urar da Clive ya kafa miki a bangon falo, mai ƙara idan iskar ɗaki ta ɓaci, ba ta yi kuka ba?

Mama: Ah, wannan. Batiranta ne a cikin rediyo.

Rosalind: Kin cire?

Mama: Na rediyon sun mutu jiya. Lahadi ce fa, Rosalind. In zauna ba rediyo?

Rosalind: Clive! Ajiye wuƙar nan. Kira motar asibiti, ka ba su adireshin Mama, ka ce hayaƙin gas ne. In ka gama ka kira Hazel, lambarta na jikin firij. Yi sauri.

Mama: Me kike tara min jama'a? Ban ko taje kaina ba.

Rosalind: Mama, saurare ni da kyau. Bututun a toshe yake. Iskar ɗakin nan guba ce, ba ta da wari, ba a ganinta. Ita ke sa miki ciwon kai, ita ke sa ki barci. Tashi ki fita waje yanzu.

Mama: Ita ke sa ni jin babanki ke nan.

Rosalind: Ban ce ba.

Mama: Kin ce a ranki. Bari a gama shirin, saura kaɗan. Ƙarfe uku akwai wasan kwaikwayo, sannan na littattafai, sannan waƙoƙin da masu sauraro ke roƙa. Kin san yana son na waƙoƙin, ko da yake ba ya yarda. Wataƙila ya roƙa min ɗaya.

Rosalind: Ba za ki kai ƙarfe uku a ɗakin nan ba.

Mama: Wata bakwai gidan nan shiru. Ina dafa dankali biyu in zubar da ɗaya. Ina yi wa kujera magana. Yau ɗaya da ya buɗe baki, ki ce in fita in bar shi?

Rosalind: Mama, don Allah.

Mama: Ba na jin tsoro, 'yar nan. Abin da na kira in gaya miki ke nan. Ba zafi, ba komai. Kamar an lulluɓe ni da bargo.

Rosalind: Ni ina ji. Ni ina jin tsoro. Na binne Baba a watan Afrilu, ba zan sake tsayawa a maƙabartar nan bana ba. Kin ji ni? Ki tashi.

Mama: Kada ki yi kuka. Tun kina ƙarama in kika yi kuka hancinki ke ja.

Rosalind: Ki gaya min, sau nawa Baba ya bar shuka ta mutu a ɗaki? Mutumin da ke fita cikin ruwan sama da tukwanen furanni ɗaya-ɗaya don su sha iska?

Mama: Bai faɗi abin da ya yanke ba. Sun wuce shi.

Rosalind: To ni na yanke. Kama hannun kujera ki miƙe.

Mama: Shhh. Tsaya.

Rosalind: Mene ne?

Mama: Yi shiru mana. Ga shi nan kuma. Bari in kara miki wayar. Kin ji?

Rosalind: Ina jin tsohon nan yana cewa a zuba ɓawon ƙwai a gindin kabeji. Shi nake ji a nawa ma.

Mama: A ƙarƙashinsa. Ba ki ji ba?

Rosalind: Ban ji ba, Mama. Me ya ce?

Mama: Ya ce, ranki ya daɗe, mota na jira.

Rosalind: Abin da yake ce miki in kin tsaya shafa hoda za mu coci.

Mama: Da muryar nan tasa ta ƙosawa.

Rosalind: Ina yake cewa ki je?

Mama: Bai faɗa ba. Amma muryar ta bar rediyon. Tana can wajen kicin.

Rosalind: Mama, ban san... To. To, bi ta. Kicin ɗin nake so ki je. Kin miƙe?

Mama: Ɗakin yana juyawa. Bari in kashe murhun.

Rosalind: In ya ƙi ki bar shi.

Mama: Ya ƙi. Yatsuna ba sa kamawa.

Rosalind: Bar shi. Ƙofar gaba ta fi kusa, ko?

Mama: Mijin Hazel ya jibge mata buhunan yashi jiya saboda ambaliya. Sai ta baya.

Rosalind: To ta baya. Ja tawul ɗin da ƙafa, buɗe ƙofar falon. Dafa bango. Kina tafiya? Yi min magana, kada ki yi shiru. Me za a yi bayan waƙoƙi?

Mama: Labaran ƙarfe shida. Sai zaɓaɓɓun shirye-shiryen mako. Da yamma kuma na... na mutanen da suka rasu. Suna ba da tarihinsu. Babanki yakan ce yana saurara ne ya ji ko an ambace shi.

Rosalind: Ci gaba da tafiya. Clive ya ce motar ta taso daga Alnwick. Hazel ba ta gida, tana wajen surukarta a ƙarshen ƙauye, amma ta kamo hanya. Mama? Mene ne wannan ƙarar? Mama!

Mama: ...

Rosalind: Alo? Mama, yi magana. Alo?

Mama: Ina nan. Zama na yi.

Rosalind: Faɗuwa kika yi?

Mama: Zama na yi da sauri. Daɓen kicin akwai sanyi. Wayar nan ma sai ƙara take min, wai cajinta ya kusa ƙarewa.

Rosalind: Rabu da ita. Taku nawa tsakaninki da ƙofa?

Mama: Ga ta nan. Amma ba amfani.

Rosalind: Don me?

Mama: Sakatar sama. Mijin Hazel ya tura ta jiya don iska ta daina buga ƙofar. Shi dogo ne. Ni ko lafiyata ƙalau sai na taka kujera, kuma ta yi tsatsa. Babanki kaɗai ke iya zare ta, sai ya doke ta da tafin hannu sau biyu.

Rosalind: Tagar kan wurin wanke-wanke fa?

Mama: A kulle. Ban san inda ya ajiye makullin ba.

Rosalind: Ɗauki tukunya ki fasa gilashin.

Mama: Ba zan iya tashi ba, 'yar nan. Bari in ɗan jingina. Minti ɗaya.

Rosalind: Kada ki rufe ido. Mama, kada ki rufe ido. Ja jiki zuwa ƙofar, sa hancinki a ƙasanta inda iska ke shigowa. Clive, ce wa Hazel ta zo da guduma, ta fasa ko'ina ne. Mama, kina ji na? Wane ne wannan? Wa ke buga ƙofa? Hazel ce ta iso?

Mama: Kin ji?

Rosalind: Na ji. Sau biyu. Da ƙarar ƙarfe. Kin taka kujerar ne?

Mama: Ina zaune a ƙasa.

Rosalind: To wa ya...

Mama: Ta buɗe. Kai, iskar nan da sanyi take.

Rosalind: Fita. Ko da rarrafe ne, fita.

Mama: Ina rarrafen. Shekara saba'in da takwas, ina rarrafe a gaban kyanwa. Ga ta nan tana kallona kamar ta biya kuɗin kallo.

Rosalind: Kin fita duka? Har ƙafafu?

Mama: Ina kan bencin da ke jikin bango. Ruwa ake yi, yayyafi. Silifa ɗaya ne a ƙafata.

Rosalind: Ja numfashi. A hankali, mai zurfi. Sake ja.

Mama: Zan yi amai.

Rosalind: Yi abinki. Ina nan.

Mama: Ya wuce. Kaina kamar ana sassauta igiyar. Ina jin teku. Rosalind?

Rosalind: Na'am, Mama.

Mama: Ya yi shiru. Ina jiyo rediyon daga nan, kiɗan rufe shiri suke yi. Su kaɗai ne. Babu shi.

Rosalind: Na sani. Yi haƙuri.

Mama: Kin ji bugun nan dai. Kada gobe ku taru ke da likita ku ce gas ne.

Rosalind: Na ji shi, Mama. Ban san me na ji ba, amma na ji. Ga mu nan tafe, Clive ya kashe murhun girki ya ɗauko makullin mota. Awa biyu da rabi. Duk asibitin da suka kai ki za mu same ki.

Mama: Naman fa?

Rosalind: Naman ya ci kansa.

Mama: Ga Hazel can a kan hanya, tana gudu da rigar ruwan mijinta. Ban taɓa ganin Hazel tana gudu ba. Bari in shiga in ɗauko rediyon kafin ta iso, yana nan kan tebur. Numfashi ɗaya zan riƙe.

Rosalind: Kada ki kuskura. Mama, na roƙe ki, zauna inda kike. Zan saya miki goma.

Mama: Nasa nake so. Za a fara wasan ƙarfe uku, in aka kai ni asibiti ba... Af.

Rosalind: Mene ne? Me ya rufe haka?

Mama: Ƙofar ce.

Rosalind: Iska ce ta buga ta. Bar ta haka.

Mama: Tsaya in tura. A'a. Ba ta motsi. Kin ji wannan?

Rosalind: Na ji.

Mama: An mai da sakatar.

Rosalind: Daga ciki?

Mama: Ta ina kuma ake sa sakata? Hm. Ka kyauta, Norman. Ya san halina, Rosalind, ya san sarai zan ko...

Rosalind: Mama? Alo? Alo, Mama?